Gadon dangin Baba da tafiyar asuba a Agege

A gidanmu ba a kiran sunan ciwon. Da babbar gwaggonmu ta kwanta a Kano sai aka ce daji ne ya kama ta a mama, aka yi ta shafe-shafe da hayaƙi har Allah Ya karɓi abinsa tana da shekara 47. Ƙanwarta kuwa ciki ne ya yi ta kumbura, aka ce sammu ne, sai daga baya muka ji ashe sankarar ƙwan mace ce. Ni ina Legas da aure, nawa waya ce da zuwa ta'aziyya. Ban taɓa kawo kaina cikin lissafin ba, don a zatona ciwon mama ta wajen uwa ake gadonsa, su kuwa 'yan'uwan Baba ne. Sai da Yayata, uwa ɗaya uba ɗaya, ta ji ƙullutu a hammata tana da shekara 39, ta taho wurina a Agege don a yi mata magani.

Ni ce mai rakiyarta asibiti. Wata rana likitar ta jawo takarda ta ce in lissafa mata dangi, wa ya mutu, da wane ciwo, yana da shekara nawa. Tana zana da'ira da murabba'i tana haɗa su da layi. Da ta gama sai ta juyo da takardar gabana ta ce, "Hajiya, ke ma ya kamata a gwada ki."

Ta yi min bayani a hankali. Kowane mutum, mace ko namiji, yana da wasu ƙwayoyin gado biyu da ake kira BRCA1 da BRCA2, aikinsu gyaran ɓarnar da ke aukuwa a cikin ƙwayoyin jiki. In mutum ya gaji mai tawaya, gyaran ba ya kammaluwa, daga nan sankara ke samun ƙofa. Ana gado daga uba kamar yadda ake gado daga uwa, kuma kowane ɗa rabi da rabi ne, ko ya ɗauka ko ya tsira. Aka ɗebi jinina aka aika waje, muka yi makonni muna jira, kuɗin kuma sai da na sayar da sarƙa. Sakamako ya dawo: BRCA1.

Alƙaluman da ta karanta min har yau suna kaina. A cikin mata 100 masu irin nawa, kusan 70 kan kamu da sankarar mama kafin su kai shekara 80, sama da 40 kuma ta ƙwan mace, alhali a sauran mata ta ƙwan mace ba ta kai 2 cikin 100 ba. Kuma abin ba na Turawa kaɗai ba ne, kamar yadda na ɗauka lokacin da aka yi ta labarin Angelina Jolie ta cire mamanta a 2013. Binciken da Farfesa Olufunmilayo Olopade ta Jami'ar Chicago da abokan aikinta suka yi a Ibadan, wanda aka buga a 2018, ya duba mata sama da 1,000 masu sankarar mama, ya tarar kusan ɗaya cikin goma na ɗauke da tawayar BRCA1 ko BRCA2.

Tambayar da ta fara fita bakina ita ce, "Likita, me zan ci, me zan bari?" Ta ce motsa jiki da kula da ƙiba suna rage haɗarin sankarar mama a mata gaba ɗaya, kuma akwai alamun suna taimaka wa masu irin gadona, amma ragi ne, ba sa goge gadon, a kan ta ƙwan mace kuwa kada in dogara da su. Rabin farko na maganar na ji. Rabin ƙarshe na bar shi a ofishinta.

Watanni uku na farko hauka na yi, ba ni da wani suna da zan ba shi. Na daina shinkafa, na daina nama, na daina mai, na koma shan ruwan ganye da wani gari da ake talla a WhatsApp wai yana kashe kansa tun tana ƙwai. Na sayi igiyar tsalle ina yi a tsakar gida sau ɗari biyar kan siminti, da silifas. Rama na yi, amma irin ramar da ke sa maƙwabta tambayar lafiya a ɓoye. Jiri ya kwashe ni a kan keken ɗinki, gwiwata ta hagu ta kumbura har sallah ta koma a zaune na mako uku. Baban yara, wanda tun farko ya zuba min ido, ya ce, "Wai ke ciwon da bai zo ba kike gudu, ko wani kike nema ki haɗa wa kanki?" Na yi fushi kwana biyu. Gaskiya ya faɗa.

Da na koma, likitar ta haɗa ni da mai ba da shawara kan abinci, garin nan kuma ta ce in zubar tunda ba wanda ya san abin da ke ciki, hanta da ƙoda ne za su biya. Ma'aunin da suka ba ni na Hukumar Lafiya ta Duniya ne: minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, da kwana biyu na ƙarfafa tsoka. Matsakaici shi ne tafiyar da za ki iya magana a cikinta amma ba za ki iya rera waƙa ba. Na raba minti 150 gida biyar, ya ba ni rabin awa a rana.

Rabin awa ba komai ba ne a baki, amma a Agege sai an yi dabara. Ba gefen titi na masu ƙafa, in ma akwai masu tireda sun cinye, ga kwata a buɗe, ga Keke Marwa da ke fitowa ta inda ba ki zata ba. Da rana kuwa zafin Legas mai ɗanko ne, cikin hijabi sai ki ji kamar an rufe ki a tukunya. Lokaci ɗaya ne ya yi min: ana sallame asuba, kafin danfo su cika hanya. Na ɗinka wa kaina hijabai biyu na yadin auduga mara nauyi masu tsayawa a gwiwa, da wando mai faɗi, na sayi kambas na gwanjo. Ina fita daga layinmu in nufi wajen filin wasa na Agege, in zagayo ta Pen Cinema in dawo. Masu shayi suna hura wuta, ƙamshin burodi na fitowa daga gidajen gashi, almajiran Islamiyya ba su fito ba tukuna. Makon farko wata dattijuwa mai ƙosai ta tare ni ta ce, "'Yar nan, lafiya dai? Ko yaji kike yi kullum ki fasa?" Yanzu in ta kwana biyu ba ta gan ni ba sai ta aiko jikarta.

Damina ce ke karya ni. Daga Mayu zuwa Yuli akwai safiyar da layinmu ke zama kogi. Irin wannan rana matakalar benenmu nake hawa da sauka, sau goma, in huta, in ƙara. Ƙarfafa tsoka kuma ban taɓa shiga gidan atisaye ba: galan biyu na lita biyar cike da ruwa, da tashi-zauna a kan kujera ba tare da dafa hannu ba. Da azumi nakan mayar da tafiyar bayan tarawi, in rage ta.

Abinci ya fi tafiya wuya, don tafiya ni kaɗai ce, tukunya kuwa ta mutum shida ce. Abin da ya zauna shi ne sauya yawan kowane abu a faranti ba tare da an kori kowa ba. Malmalar tuwo ta koma ɗaya, miya ta ƙaru. Tuwon dawa da na gero da acha suka dawo, bayan shekarun da muka yi a kan farar shinkafa da taliyar leda. Wake sau uku a mako, ko alala ko ɗanwake ko a dafa shi da alayyafo. Ranar Asabar nakan je kasuwar Mile 12 tare da maƙwabciyata mu sayi tumatir da karas da kabeji mu raba, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Kwaɗon zogale da rama na gida, ugu da ewedu kuma a nan na koye su, ewedun ma ashe lalo ce. Manja da cokali nake aunawa yanzu, da can da bakin kwalba nake zubawa. Dunƙule huɗu ya koma ɗaya, daddawa ta cike gurbin. Kifi ya fi nama yawa, tsire da kilishi sai an yi baƙi. Giya dama ba ta cikin lissafinmu, ko da yake likitar ta ce tana cikin abubuwan da aka tabbatar suna ƙara haɗarin sankarar mama.

Lemon kwalba ne ya ba ni wahala, ni da nake shan biyu a shago kullum. Na taɓa jin cewa sukari shi ne abincin kansa, in kin daina sai ta mutu da yunwa. Ba haka abin yake ba. Duk ƙwayoyin jiki da sukari suke aiki, kuma jiki na haɗa nasa ko ba ki sha ba. Illarsa ita ce ƙiba, kitse kuma bayan ɗaukewar al'ada shi ke samar da sinadarin mata na istrojin, wanda wasu nau'o'in sankarar mama ke girma da shi. Na koma zoɓo da citta da kanumfari, sukari kaɗan. Awara kuwa, da wata ta rantse min tana jawo ciwon mama, an ce in ci abata daidai misali, sai dai in rage suyar.

A shekara biyu kilo tara ya sauka, hawan jinin da ya fara leƙo ni ya koma, barci ya gyaru. Amma ranar da aka ga wani ɗigo a hoton MRI, wato hoton cikin mama da na'ura ke ɗauka, aka ce sai an tsaga an duba, na zauna a benci ina jin kamar an ci amanata, duk tafiyar nan, duk zogalen nan. Ya fito ba komai, alhamdu lillahi. A kwanakin jiran ne rabin maganar da na bari a ofis ya dawo min. Hoton mama duk shekara ba fashi. Ƙwan mace kuwa babu gwajin da ke kama ciwonsa da wuri yadda za a dogara da shi, shi ya sa ake ba masu BRCA1 shawarar cire shi da bututunsa tsakanin shekara 35 da 40, in sun gama haihuwa. Ina da 38, da 'ya'ya huɗu.

Aikin zai ɗauke min al'ada shekaru da dama kafin lokacinta, hakan kuma na raunana ƙashi, yana taɓa zuciya. A nan likitar ta yi murmushi ta ce galan ɗina da matakalata sun sami aikin yi na gaske, in ƙara da kindirmo da ƙananan kifin da ake ci da ƙaya. Yaya ta gama shan maganinta ta koma Kano, gashi ya fara tsirowa. Ƙannenmu maza biyu har yanzu sun ƙi gwaji, wai ciwon mata ne, duk da na gaya musu yana iya taɓa furostet ɗinsu, ƙullin nan na maza da ke ƙarƙashin mafitsara, kuma 'ya'yansu na iya gada.

Ranar Talata za mu je da Baban yara a sa ranar aikin. Na ce masa mu sauka a Mushin mu ƙarasa asibitin da ke Idi-Araba da ƙafa. Ya dubi takalminsa na fita, ya ce to, in dai ba a yi ruwa ba.