Kafin ka zuba sabuwar faraima a PCR

Faraima ɗan gajeren zaren DNA ne da ake buƙata don fara PCR, wato hanyar ninka DNA a ɗakin gwaji. Wadda ake sayowa daga kamfani na'ura ce ke ɗinka ta, harafi bayan harafi, kuma a kowane ɗinki kusan ɗaya cikin ɗari ba ya kamawa. Idan haruffanta 20 ne, abin da sauƙi: kusan kashi 83 cikin ɗari na fitowa da cikakken tsawo. Mai haruffa 60 kuwa kashi 55 ne, mai 100 kuma 37 kacal. Sauran duk guntattaki ne, kuma suna nan tare da ta ƙwarai a cikin 'yar robar.

A nan ake yin arahar da ba ta ado. Tacewa mafi sauƙin kuɗi gishiri da ragowar sinadarai kawai take wankewa, ba ta taɓa guntattakin. Ga PCR na yau da kullum ta wadatar. Amma doguwar faraima, ko mai ɗauke da rini, ko wadda za a dasa a cikin filasmid (zoben DNA na bakteriya), a biya kuɗin tacewar HPLC ko PAGE, masu fitar da guntattakin. Abin da zai iso hannunka zai ragu, amma ka san abin da ke ciki.

A bushe take zuwa, ɗan dusa-dusa a gindin roba wanda da ƙyar ido ke gani. Jijjigar hanya kan kai shi cikin murfi, don haka a juya robar a santirifuj (na'urar juyi mai tara abu a gindin roba) na daƙiƙa 30 kafin a buɗe. A duba adadin nanomol a takarda, a ninka sau goma: 25 nmol na son 250 µL na TE (ruwan sinadarin adana DNA) mai pH 8, ka samu 100 µM. TE ya fi ruwa zalla, domin ruwa kan karkata zuwa tsami, DNA kuwa ba ta jure tsami. A sirka ta zuwa 10 µM, a raba ta kashi-kashi, a ajiye a −20 °C. Wannan rabon na hana a riƙa narkar da ita duka ana sake daskarewa.

Kada a yaudaru da NanoDrop, na'urar auna yawan DNA. Ma'aunin 260/280 na 1.8, da ake ɗauka alamar tsafta, na doguwar DNA ne irin filasmid. Na faraima ya danganta da haruffanta. Kuma na'urar ba ta bambance cikakka da guntuwa.

Gwajin farko, a sa rijiya ɗaya mai duk kayan haɗin, amma da ruwa a madadin samfur. Idan layi ya fito a jel (inda ake ware DNA bisa tsawo) daidai tsawon wanda ake nema, akwai gurɓata: a sauya kayan haɗin ɗaya bayan ɗaya har a kama mai laifin.