A Jami'a Ba Mai Kaɗa Maka Ƙararrawa

Ni malamin lissafi ne a wata sakandaren gwamnati a nan Kano, kuma na daɗe ina riƙe da 'yan aji shida. Aikina shi ne in kai su ga WAEC da NECO da JAMB. Amma labaran da ke dawo mana ne suka sa na ɗora wa kaina wani aikin da ba a biyana ko sisi. Yaron da ya fi kowa ƙoƙari a ajinmu, sai ka ji ya kwaso kariyoba uku, wato kwas uku da ya faɗi sai ya maimaita, a shekararsa ta farko a jami'a. Kuma ƙwaƙwalwarsa tana nan yadda take. A wajenmu ƙararrawa ce ke tashinsa, ita ke shigar da shi aji, dorina na jiran wanda ya makara. Can kuwa ko ya kwana har azahar ba mai ce masa kanzil.

Sai na roƙi shugaban makaranta ya ba ni aji ɗaya duk Asabar bayan an gama NECO, lokacin da yara ke zaman kashe wando a gida suna jiran gurbin karatu.

Nasiha ba ta kama su. Tun suna firamare ake yi musu ita, kunnuwansu sun yi kanta. Don haka na ɗauki alli na koma ga abin da na iya, wato lissafi. Na rubuta musu yadda yawancin jami'o'inmu ke ba da maki: 70 zuwa sama A ce, maki 5; daga 60 zuwa 69 B, maki 4; C maki 3; haka ake gangarowa har F, wadda sifili ce. Kowane kwas yana da nauyinsa da ake kira yunit. In ka ci A a kwas mai yunit 3 ka tara 15. In ka faɗi ba ka tara komai ba, amma yunit ukun nan suna cikin abin da za a raba makinka da shi, kuma baɗi za ka sake zama da ƙannenka ka rubuta. Wannan lissafin shi ne CGPA. Digiri mai daraja ta ɗaya daga 4.50 yake farawa, daraja ta biyu ta sama, wadda ɗalibai ke ce wa tu-wan, daga 3.50.

Sai na ba su aiki. Ga yaro ya shagala a shekarar farko ya tashi da 2.00, kwas ɗinsa na shekara huɗu ne, a ɗauka nauyin shekarun daidai yake. Me zai riƙa samu a sauran shekara ukun kafin ya fita da tu-wan? Suka duƙufa. Wata yarinya a layin gaba ta riga kowa ɗaga hannu, ta ce, "Malam, 4.00 fa, duk shekara, ba fashi." Ajin ya yi tsit. Wani daga baya ya ce, "Ashe tun a aji ɗaya ake yanka mutum." Wannan minti goman ya fi duk surutun da na taɓa yi musu amfani, shi ya sa har yau da shi nake buɗewa. Daga nan sai su saurara in na ce musu gwaji da aikin gida na cin kashi 30 ko 40 na makin kwas, kuma dokar jami'o'i da yawa ta ce sai ka halarci kashi 75 na lakca kafin a bar ka ka shiga jarrabawa. Wani lakcaran ba ya duba wannan, wani kuwa ranar da ba ka zo ba ranar zai ce a yago takarda.

Maganar takardu ba ta da daɗin koyarwa, amma tana ɗaure mutane ƙwarai. Yaro ne Muhammad a katin ɗan ƙasa, Mohammed a WAEC, ranar haihuwa kuma kowace takarda da tata. Tun 2021 JAMB ta wajabta lambar NIN, kuma saɓanin suna yana bin mutum har bautar ƙasa. Ina sa su zo da takardunsu mu jera a kan benci mu duba harafi-harafi. Sannan in tambaya: wa ya san kalmar sirrin imel ɗin da ya yi rajista da shi? Kaɗan ne ke ɗaga hannu, sauran mai kafe ne ya buɗe musu, shi ya sani. Alhali ta shafin CAPS na JAMB gurbin zai fito, kuma sai ka shiga da kanka ka karɓa.

Kuɗi kuma da takarda muke yinsa. Asusun NELFUND, wanda ya fara karɓar masu neman rancen karatu a 2024, yana ba ɗalibi naira dubu 20 a wata na kashewa, sai na ɗauki wannan adadin na ce kowa ya raba shi kwana talatin: abinci, mota, data, sabulu, fotokwafi. Mazan suna gama cinye nasu tun kafin tsakiyar wata, don duk lissafinsu na sayen abinci ne. Nan aka gano da yawansu ko garau-garau ba su iya ɗorawa ba. Na ce kowa ya je ya tsuguna kusa da mahaifiyarsa a kicin. An yi dariya, amma wasu sun je. Ina kuma tuna musu rance ne, sai an biya.

Abin da ni ba zan iya faɗa ba, tsofaffin ɗalibanmu ke faɗa. Ina gayyato su daga BUK da ABU, in koma bayan aji in kama bakina. Su ke bayyana cewa BUK tana da tsohuwar makaranta da sabuwa a hanyar Gwarzo, ABU kuma Samaru daban, Kongo daban inda masu karanta shari'a suke, don haka tun a gida ka san inda sashenka yake. Su ke cewa ka je lakca da wuri, in ba haka ba ka tsaya a bakin taga kana leƙen allo. Su ke cewa ka nemo malamin da ke kula da ajinku tun a makon farko, kada ka yi rajistar kwas da jin "an ce". Maganar abokai, ƙwaya da maguɗin jarrabawa ma a bakinsu ta fi nauyi, don sun ga wanda aka kora da idonsu. 'Yan mata kuwa wata malama ce ke zama da su su kaɗai tare da yayyensu. Abin da na sani shi ne ana ce musu kada a shiga ofishin kowa ba tare da ƙawa ba, kuma in an ga take-taken da ba su dace ba, akwai ofishin kula da harkokin ɗalibai, a kuma gaya wa gida tun da wuri.

Iyaye sun fi yaran wuyar sha'ani. Wani uba ya ce min, "Malam, ai ya girma, ya samu jami'a, ni nawa ya ƙare." Na ce, "Alhaji, ɗan shekara goma sha bakwai ne fa." Roƙona gare su ba shi da yawa: duk ƙarshen zango su ce a nuna musu sakamako a waya, su gani da idonsu, kada su tsaya ga "lafiya lau, Baba." Ina kuma tuna musu yajin aikin ƙungiyar malaman jami'a, ASUU, na 2022, daga Fabrairu har Oktoba, wata takwas cur. Wanda ke da ɗinki ko gyaran waya a hannu ya samu abin yi, wanda ba shi da komai zaman majalisa ya cinye shi.

Ɗakin kwana ne har yanzu ya gagare ni, don gadajen hostal ba sa isa ko'ina, hayar waje kuma sai mai hali. Dabarar da ta rage min ita ce wani littafi da nake rubuta tsofaffin ɗalibanmu da jami'ar da kowa yake. Duk wanda ya samu gurbi sai in haɗa shi da yayansa na can, ko ba komai ya samu inda zai ajiye jaka da mai nuna masa layin rajista. Bana littafin ya kai har Sakkwato da Maiduguri. Dutse ce ba mu da kowa tukuna, ga shi yara biyu sun samu can, ina nan ina cigiya.