Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Fil Mashal Terauchi, Wanda Baba Ya Yaƙa Bai San Sunansa Ba

Na yi alkawari a makon jiya cewa yau zan shiga shekarun da na yi ina koyar da tarihi, amma masu karatu za su yi mini haƙuri, domin ba zan iya wuce maganar yaƙin Bama ba sai na faɗi abin da na sani game da mutumin da ya shugabanci sojojin da Baba ya fuskanta a can. Baba, Allah Ya jiƙansa, ya koma ga Mahaliccinsa bai taɓa jin sunan wannan babban hafsan sojan Japan, Terauchi Hisaichi, ba. Abin da ya sani shi ne sajensu, da Baturen da ke kansu, da ƙwarin Kaladan inda ya yi dakon harsashi a ka har gashin tsakar kansa ya zube bai sake fitowa ba. Duk ranar da aka tayar da zancen yaƙin, magana ɗaya yake yi: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Sai da na girma na shiga karatu sannan na gano wane ne gardin da ke ɗaya ɓangaren. An haifi Terauchi a 1879 a yankin Yamaguchi, kuma gidan da ya fito shi ya share masa hanya, domin mahaifinsa, Terauchi Masatake, shi ma Fil Mashal ne, ya mulki Koriya a madadin Japan daga 1910, sannan ya zama firaminista daga 1916 zuwa 1918. Ɗan ya shiga makarantar hafsoshi, ya yi yaƙin Japan da Rasha na 1904 zuwa 1905, aka tura shi Jamus ya ƙaro sani, kuma da uban ya rasu a 1919 ya gaji sarautarsa. Ban ce bai cancanta ba, amma idan na tuna yadda Baba ya shiga soja sai raina ya ɓaci. Mai gari aka ce ya kawo samari, gidanmu aka ce a ba da mutum ɗaya, Baffa kuwa da yake shi ne babba sai ya nuna ƙaninsa, alhali a lokacin Iya tana da goyon Yaya.

Abin da ya fi bayyana mini halin Terauchi ya faru ne tun kafin yaƙin. A Fabrairun 1936 wasu ƙananan hafsoshi suka yi yunƙurin juyin mulki a Tokyo, kuma bayan an murƙushe su aka naɗa shi ministan soja a gwamnatin Firaminista Hirota. A zamaninsa aka dawo da dokar da ta ce sai janar mai ci zai riƙe wannan kujera, ma'ana duk ranar da soja suka janye mutuminsu gwamnati ta faɗi. A Janairun 1937 wani dattijon ɗan majalisa, Hamada Kunimatsu, ya soki yadda soja ke tsoma baki a siyasa, Terauchi ya ce an ci mutuncin rundunar, dattijon ya ce a duba rubutaccen jawabinsa, in an sami zagi zai farke cikinsa, in ba a samu ba ministan ya farke nasa. Terauchi ya nace sai an rusa majalisa, rigimar ta kayar da gwamnatin baki ɗaya. Shi kuwa ko ƙwarzane bai samu ba, domin a cikin shekarar aka ba shi rundunar da ke yaƙi a arewacin Sin.

A Nuwamban 1941 aka damƙa masa Rundunar Kudu, kuma a ƙarƙashinsa Japan ta kama Malaya da Singafo da Filifin da tsibiran da yau ake kira Indonesiya da kuma Bama, har aka ba shi muƙamin Fil Mashal a Yunin 1943. A ƙarƙashin ikonsa aka shimfiɗa layin dogo mai tsawon kilomita 415 tsakanin Tailan da Bama da aikin tilas, inda fursunonin yaƙi fiye da 12,000 suka mutu, ban da dubun dubatar 'yan ƙasashen yankin da aka kwaso. A wannan shekarar ce Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, wadda Baba yake ciki, ta sauka Indiya, kuma farkon 1944 ya same su a Kaladan, inda babu hanyar mota, abinci daga jirgin sama ake jefo musu, matsattsaku kuma suna shiga har cikin takalmi. A watan Maris Japanawa suka kora su baya, sai a Janairun 1945 suka kama garin Myohaung tare da Runduna ta 82.

Baba bai taɓa zagin ƙananan sojojin Japan a gabanmu ba, kuma na daɗe ina mamakin haka. Ya ce a ƙarshen yaƙin sun riƙa iske gawarwakinsu a rame, ana ƙidaya haƙarƙarinsu, wani da 'yar shinkafa ƙulle a cikin safa. Su ma kuraye ne, in ji shi, nasu gardin yana nesa. Gaskiya ya faɗa, domin Terauchi ya amince da harin da aka kai garin Imphal na Indiya a 1944, wanda aka tura sojoji ba tare da isasshen guzuri ba, Japan ta yi asarar mutum fiye da 50,000 tsakanin matattu da raunanna da marasa lafiya. Haka kuma ya tilasta wa Janar Yamashita, kwamandan sojojin Japan a Filifin, ya zuba ƙarfinsa a tsibirin Leyte duk da Yamashita ya ƙi, aka kuma sha kashi.

Labarin faɗuwar Bama a 1945 ya jawo masa shanyewar ɓarin jiki, don haka ranar 12 ga Satumba Janar Itagaki ne ya sa hannu a takardar miƙa wuya a Singafo a madadinsa, shi kuma sai 30 ga Nuwamba ya miƙa takobinsa ga Mountbatten, Baturen Ingila da ke shugabantar sojojin ƙawance a yankin, a Saigon. An rataye Yamashita a Fabrairun 1946, amma Terauchi ya mutu a tsare a Renggam ta Malaya ranar 12 ga Yunin 1946 ba tare da ya tsaya gaban kowace kotu ba, kuma har yau akwai kabarin tunawa da shi a maƙabartar Japanawa ta Singafo.

A wannan shekarar Baba ya dawo gida da takardar sallama da lambobin yabo da bargo, ya tarar Baffa ya noma fadamarsa damina uku, ya kuma gaya wa mutane cewa ƙaninsa ya mutu a teku. 'Ya'yan Baffa suna karanta wannan shafi, na sani, kuma sun san iyakar fadamar daga tsamiya zuwa rafi. A mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, zan faɗi yadda Iya ta matsa har maganar ta je gaban alƙali, da dalilin da ya sa Baba ya ƙi yin rantsuwa.