Yamai ko Tawa: abin da na auna kafin in ɗaure kayana

A ENSP, makarantar koyon aikin lafiya ta ƙasa da ke Damagaram, na yi karatun aikin jinya, amma a Yamai hannuna ya faɗa. Na isa birnin a 2015, shekarar da sanƙarau ya yi ɓarna har aka rufe makarantu na ƴan kwanaki. Kamar yawancin tsarana, da aikin sa-kai na fara a wani babban asibitin gwamnati, da dare kuma ina kwana a wata kilinik mai zaman kanta don in samu na haya da na taksi. Shekaru suka tafi a haka. Ran da takardar tura ni jahar Tawa ta fito, mai kilinik ɗin ya kira ni ya ce in zauna, zai ɗauke ni dindindin da albashin da ya ɗara wanda gwamnati za ta fara ba ni. Ga hanya biyu, kowace da ƙofarta a buɗe.

Shawara kam na sha ta. Abokan aiki suka ce mutane na bin manya ana roƙo a maido su Yamai, ke kuma za ki fita da ƙafarki? Innata kuwa ba albashi ne ya dame ta ba. Ba a daɗe ba da harin watan Maris na 2021 a yankin Tiliya, inda aka kashe mutum 137, kuma ita da ta ji an ce Tawa, can hankalinta ya tafi. Ta ce, “Ɗiyata, ki nemi abincinki inda zan iya barci.” Tsoronta yana kan hanya, kuma shi ya sa na fara da tambayar da ta fi kowace muhimmanci. Tawa da aka rubuta a takarda jaha ce, ba gari ba. Ta faro daga Ƙonni da Madawa a bakin iyakar Najeriya, ta bi ta Illela, Buza da Kaita, ta miƙe har Abalak, Cintabaraden, Tasara da Tiliya. Hukumar lafiya ta jaha ita ke raba ma'aikata bayan sun iso. Wanda aka ajiye a cikin birni da wanda aka kai likitar ƙauye a arewa, takardarsu iri ɗaya ce, rayuwarsu ba ɗaya ba. Gani ya kori ji, don haka na shiga mota na je da kaina, na gaida shugabanni, na zauna da ma'aikatan da ke ɗakunan, sannan na koma na ba da amsa.

Bari in ba Yamai haƙƙinta, don ba ƙaramin abu ta yi mini ba. Babban Asibitin Ƙasa yana nan, ga na Lamorde a ƙetaren kogi, ga babban asibitin da Sin ta gina aka buɗe a 2016 mai gado 500, ga gidan haihuwa na Issaka Gazobi inda ake kai haihuwar da ta gagara. Masu wankin ƙoda da masu ciwon daji daga jahohi da dama nan suke dosa. Ga ma'aikaciyar jinya, wannan na nufin kullum akwai wanda ya fi ki sani a kusa. Majon ɗakinmu, wato shugabar ma'aikatan jinya, dattijuwa ce mai ƙarancin magana, ita ta koya mini neman jijiya a jikin yaron da zawo ya tsotse. Takan riƙe hannuna ta ɗora yatsana a bayan tafin yaron ta ce, “Kar ki nema da ido, ɗiyata, yatsa ke gani.” Ta koya mini lissafin ɗigon ruwa a minti ba tare da na'ura ba, da yadda ake rubuta abin da aka yi a kan lokaci don wadda za ta karɓe ki da safe. Ban san wata makaranta da za ta ba ni wannan ba.

Amma zaman Yamai yana da ci. Haya ta kwashe kaso mafi girma na abin da nake samu. Taksin birnin na haɗin gwiwa ne, sai direba ya ji inda kika nufa ya dace da na sauran fasinja, in kuwa unguwarki na nesa sai an yi canji, kuɗi ya ninka. A Harobanda nake zaune, kullum sai na haye gadar Kennedy, kuma a damanar 2020 da kogin Kwara ya fasa madatsa ya shiga unguwannin wannan gaɓar, na ga abokan aiki suna zuwa asibiti daga ajin makarantar da aka tsugunar da su. Abin da ya fi damuna ma ba wannan ba ne. Ma'aikata sun yi yawa a birnin, makarantun lafiya masu zaman kansu kuma suna ta yaye wasu. A ɗaki guda sai ki tarar da ƴan sitaj masu koyon aiki, ƴan sa-kai, ƴan bautar ƙasa, ɗaliban likitanci, kowa na jiran a ba shi abin yi. Mutum na iya shekara yana awon zafin jiki da hawan jini, ba a taɓa barinsa ya yanke shawara ko ɗaya ba. Aiki biyu kuma yana cin mutum a hankali. Wadda ta kwana a tsaye a kilinik, ta wuce asibitin gwamnati da safe, ba ita ce ya kamata ta auna maganin jariri ba, kuma dukanmu mun san haka.

Wani lissafi ya taimaka mini. A ƙidayar 2012, mutanen Yamai sun ɗan haura miliyan 1, na jahar Tawa kuwa sun wuce miliyan 3.3. Mafi yawan manyan asibitocin ƙasa da ƙwararru suna can inda mutane suka fi kaɗan. A birnin Tawa, asibitin jaha da cibiyar lafiyar uwa da yaro su ke karɓar abin da ya fi ƙarfin asibitocin gundumomi, sai asibitin mishan na Galmi da ke ɗauke wani kaso a kudu. Daga Tawa zuwa Yamai kusan kilomita 550 ne, ta Tsarnawa, Ƙonni, Dogon Dutsi da Doso, tafiyar yini guda a motar safa. A Yamai in aka ce a tura maras lafiya gaba, ƙetare ƴan unguwanni ne. A Tawa kuwa maganar mai ce, da motar asibiti, da dangin da za su bar gona su bi shi, da tambayar ko zai kai da rai. Saboda haka duk abin da za a iya yi a nan, a nan ake yinsa, kuma hannun ma'aikacin jinya ne ke yin mafi yawansa.

Na zaɓi Tawa, aka sa ni ɗakin yara.

Wanda bai yi damana a ɗakin yara a wannan jaha ba, da wuya ya gane abin da nake nufi. Daga Yuli zuwa Oktoba ana bi gida-gida ana ba yara ƴan wata 3 zuwa 59 maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, kuma ya rage abin ƙwarai, amma duk da haka Agusta da Satumba gadaje ba sa isa. Lokacin ne rumbu ya ƙare, sabon hatsi bai nuna ba, sai zazzaɓi da tamowa su haɗu a jikin yaro guda. Ana zuwa da shi a goye, an yi tafiyar amalanke kafin a samu mota. Kin buɗe tafin hannunsa fari fat, kin ja fatar idonsa ba ɗigon ja. Kin ɗaura ma'aunin damtse ya tsaya a ja, ƙasa da milimita 115, alamar tamowa mai tsanani. Wani an riga an kai shi wurin wanzami an cire beli, jinin da ya rage ma ya ƙara zuba. A nan ba a jira. Ki auna sukarin jininsa, ki samu jijiya, ki yi allurar artesunat ta zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, ki aika a duba rukunin jininsa, ki lulluɓe shi don irin waɗannan yara sanyi ke kama su ko ana zafi, sannan in ya farfaɗo a fara ba shi F-75, madarar masu tamowa, kaɗan-kaɗan. Likita na zuwa, amma shi ɗaya ne ga ɗakuna da yawa, kuma mintocin farko naki ne. Duk abin da majo ta zuba mini a Yamai, a waɗannan mintoci na gane darajarsa.

Akwai abin da babu wanda ya gaya mini kafin in zo, shi ne wa ke da ta-cewa a kan yaron. Adar, wato yankin Tawa, ƙasar ƴan bida ce. Mazaje da yawa suna Abijan, Libiya ko Najeriya, wasu sai shekara-shekara ake ganinsu. Uwar yaro na tsaye a gabanki, ƙila ba ta kai shekara ashirin ba, kin ce ana bukatar ƙarin jini, ta kalli uwar mijinta. Tsohuwar ta ce sai an ji daga bakin ubansa. Tun 2006 aka ce maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ne, amma izini ba ya cikin takardar kyauta, haka nan kuɗin mota da abincin masu jinya. Na koyi in durƙusa kusa da tsohuwar, ba in tsaya a kanta ba, in ce, “Inna, jikan nan naki ne, ke kika san wahalar da aka sha kafin a same shi. Ba ni lambar babansa mu kira shi tare.” Sau da yawa da wayata ake kiran. In uban ya ji muryar uwarsa sannan ya ji tawa, yakan ce a yi duk abin da ya kamata, kafin azahar kuma kuɗi sun iso ta kamfanin aika kuɗi na Nita ko Al Izza. Wannan ma jinya ce, kuma a ganina rabin aikin ke nan.

Harshe ya sauƙaƙa mini wannan. A Yamai na yi shekaru ina haɗa Zabarmanci da ƙyar, tsoho na ba ni labarin ciwonsa ina kama rabi, sauran sai an nemo mai fassara. A Tawa Hausa ce a kasuwa da asibiti, ko da yake Adaranci sai da kunnena ya saba da shi. Masu zuwa daga arewa kuwa, Buzaye da Fulani da Larabawa, nan ma sai da taimakon abokan aiki. Duk mai auna gari biyu ya sa wannan a ma'auni, don maras lafiya ba ya faɗin abin da ke ɓoye ta bakin mutum na uku, balle mace.

Zaman gari ya zo da sauƙi. Kuɗin da nake biya na ɗaki da falo a Yamai ya kama mini gida mai tsakar gida a nan, kabu-kabu na kai ni aiki cikin ƴan mintoci, albasa da tumatirin lambu da nama duk sun fi araha. Zafin Afrilu da Mayu bai bar kowa ba a garuruwan biyu, sai dai na Tawa busasshe ne, hunturunta kuma akwai ƙura da sanyi mai shiga ƙashi. Albashina ya ragu a takarda, amma abin da ke saura a hannuna ƙarshen wata ya ƙaru, har ina aika wa Inna. Sai dai ƙaramin gari kowa ya san ki. A kasuwa a ce “likita, ga na cefane”, da tsakar dare kuma a buga miki ƙofa da allura a leda a ce ki taimaka. Tun farko na yanke cewa ba na yin allura a gida. Nakan sa hijabina in raka mutum asibiti, amma ba na soka abin da ban san wa ya rubuta ba. An ji haushina na ɗan lokaci, daga baya aka saba.

Abin da na rasa shi ne kusanci da karatu. Makarantun ƙwarewa, jarrabawar ƙarin girma, bin takardu a ma'aikatar lafiya, mafi yawansu Yamai ne. Wanda ke can yana jin labarin horo tun kafin a liƙa sanarwa, mu kuwa wani lokaci sai an kusa rufewa. Wannan na ci mini rai, don masu aiki a jahohi su suka fi bukatar horon.

Ɗalibai mata da ke zuwa sitaj ɗakinmu sukan tambaye ni wanne ya fi. Nakan tambaye su ni ma: in yaro ya fara jijjiga da ƙarfe uku na dare, kin san abin da za ki yi kafin likita ya iso? Wadda ta ce a'a, ina ba ta shawarar ta nemi babban asibiti mai majo nagari, a Yamai ko Damagaram ko Maraɗi, ta jure wahalar haya, ta koya tukuna. Tura sabuwar ma'aikaciya ita kaɗai likitar ƙauye ba taimakon ƙauyen ba ne, kuma zalunci ne a kanta. Wadda hannunta ya riga ya faɗa kuwa, tana zaune a Yamai tana layin awon zafin jiki, ina gaya mata gaskiya cewa ana nemanta a nan. Kafin ta sa hannu dai ta je ta gani: ainihin wurin da za a ajiye ta, ma'aikata nawa ke kwana a ɗaki, ko akwai jini da iskar numfashi a kusa, me ake yi in wuta ta ɗauke, da nisan asibitin da ake turawa.

Ni yanzu ina shirin jarrabawar shiga karatun aikin sa barci a ɗakin tiyata. In Allah ya sa na samu, zan koma Yamai na tsawon karatun, kuma na riga na shaida wa shugabanninmu cewa Tawa nake so a maido ni in na gama, don asibitocin gundumominmu na da ɗakunan tiyata da ke bukatar masu wannan aiki.