Daga Rigasa zuwa Davos: ranar da dutse ya hana mu hawa

Cikin hazon Janairu na bar Kaduna, jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Idu, sai jirgin sama zuwa Suwizalan. Ɗan yayata da ke karatu a Zurik ya tarbe ni, ya dubi rigar sanyin da na sayo a Kasuwar Barci ya ce, "Kawu, wannan ai ta zaman ɗaki ce."

A Landquart muka canja zuwa wani jan jirgi mai nausawa cikin duwatsu har Davos, garin da muka fi sani da taron attajiran duniya. Ashe nan ne kuma cibiyar SLF take, inda ake nazarin zaftarewar dusar ƙanƙara tun 1936. Safe da yamma take fitar da sanarwar haɗari, mataki 1 zuwa 5.

Ranar fitarmu hawan dutse mataki na 3 ne, gari garau. Yaron ya ce uku ai da sauƙi. Dattijuwar da ke mana jagora ta girgiza kai, ta ce kusan rabin masu mutuwa a wannan matakin suke mutuwa, don a 4 da 5 tsoro kan zaunar da mutane a gida. Ta ba kowa na'urar gano wanda aka binne, da shebur, da doguwar sandar lalube. Wanda aka tono cikin minti 15, kusan tara cikin goma kan rayu. In aka wuce rabin awa kuwa, galibi sai dai gawa. Babu zancen jiran jirgin ceto, abokin tafiyarka ne zai tono ka, don haka na yi wa ɗan nan kallon tsanaki.

Da muka kai gindin wani gangare, dattijuwar ta haƙa rami har ƙugu ta ce mu leƙa. Dusar hawa-hawa ce. Ta sama iska ta daddaɓe ta, ta yi tauri. Can ƙasa kuwa wasu ƙwayoyi ne da ko ka damƙa ba sa dunƙuluwa, tsananin sanyin farkon hunturu ne ya mai da su haka. Tamkar tabarma ce a kan tsabar gero, nauyin mutum ɗaya ya isa ya zame da ita gaba ɗaya. Gangaren da ya kai digiri 30 zuwa 45 shi ya fi yin wannan aika-aika, kuma shi masu wasan zamiya suka fi so. Yawancin waɗanda ta binne, su ko abokansu ne suka tayar da ita.

Muna takawa sai muka ji "wum" a ƙarƙashin ƙafa, dusar ta ɗan lotsa. Dattijuwar ba ta tsaya shawara ba ta juya da mu. Kuɗin jagora ya tafi, ƙololuwa ba mu gani ba, ni dai ban yi gardama ba.

Washegari da sassafe ƙarar fashewa ta tashe ni. Mutumin Kaduna ba ya jin irin wannan ya ci gaba da barci, tuni na fara salati ina laluben takalmi. Yaron ya leƙo daga bargo ya ce, "Kawu, kwanta. Nakiya suke sa wa dusar ta zube kafin a buɗe wa jama'a hanya."