Lambobi Shida da Abin da Ke Bayansu

Kwanakin baya wani saƙo ya shigo wayata daga shafin wani tsohon abokina, yana cewa ya yi kuskure ya tura wasu lambobi shida zuwa layina, in taimaka in mayar masa da su da gaggawa. Lambobin kuwa sun riga sun iso, ga su nan a saman allo. Har na fara kwafarsu, sai wata kalma da ya kira ni da ita ta tsaya mini a rai, domin a duk tsawon zamanmu ban taɓa jin ta a bakinsa ba. Na ajiye saƙon na buga masa waya. Ashe tun da safe aka ƙwace shafinsa ta wannan dabarar, ni kuma aka nufa bayansa, kuma da na tura lambobin da nawa ma ya tafi, domin su ne mabuɗin shiga shafina. Sanin halin mutum da muryarsa ne kawai ya tsare ni a ranar.

Abin da ke damuna shi ne wannan garkuwar ita ce fasaha take ci a yanzu. A farkon 2024 wani ma'aikacin kamfanin injiniyoyi na Arup a Hong Kong ya shiga taro ta bidiyo, ya ga fuskar shugaban sashen kuɗi da ta wasu abokan aikinsa, ya ji muryoyinsu, sannan ya aika da kusan dala miliyan 25 kamar yadda aka umurce shi. Duk mutanen da ya gani na jabu ne, da ƙirƙirarriyar basira aka haɗa su. Bawan Allahn nan ya yi abin da ake cewa a yi, wato ya tabbatar da ido da kunne kafin ya biya, amma idon da kunnen ne aka yaudara.

Damfarar kanta ta daɗe da wuce aikin mutum ɗaya a ɗaki da kwamfuta. Ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta a 2023 cewa aƙalla mutum 120,000 a Miyanmar da kimanin 100,000 a Kambodiya ake tsare da su a sansanoni ana tilasta musu damfarar mutane ta intanet, yawancinsu da alkawarin aiki aka jawo su. Mai turo maka saƙon soyayya ko na zuba jari yana iya zama shi ma kamamme ne. A Amurka kaɗai, asarar da mutane suka kai ƙara a kanta ga hukumar FBI a 2023 ta kai dala biliyan 12.5, ban da waɗanda kunya ta hana su magana.

Duk lokacin da aka cuci wani, nasiha ɗaya ake maimaitawa: ka ƙarfafa kalmar sirrinka, kada ka danna abin da ba ka sani ba. Nasihar gaskiya ce, ni ma ina bin ta, sai dai tana ɗora kayan duka a kan wanda ya fi kowa rauni. Ɗan damfara yana samun mutanensa ne ta na'urar da aka gina domin tallace-tallace, wadda ta san shekarunka da abin da kake nema da lokacin da kake cikin matsi, kuma tallarsa kuɗi ce ga mai dandalin kamar tallar kowa. Masu wannan na'ura kuwa ba su da yawa. A watan Agustan 2024 alƙali Amit Mehta a Amurka ya yanke hukuncin cewa Google ya yi babakere a harkar binciken intanet ta haramtacciyar hanya, kuma a shari'ar ne aka ji cewa a 2021 kaɗai kamfanin ya biya sama da dala biliyan 26 domin ya zama shi ne injin binciken da ke zuwa a saite cikin wayoyi da manhajojin shiga intanet. Kamfanin da ya san babu inda abokan hulɗarsa za su je ba ya jin zafin sakacinsa a aljihu. Taruwar komai a hannu kaɗan haɗari ne ko da babu mugu: a ranar 19 ga Yulin 2024 gyara ɗaya mai kuskure daga kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike ya durƙusar da kwamfutoci kimanin miliyan 8.5, jirage suka kasa tashi, aiki ya tsaya a asibitoci da bankuna.

Na'urar da ke kai ɗan damfara ƙofar wanda zai cuta, ita ce ke kai ɗan siyasa ƙofar mai zaɓe. A 2018 aka fallasa cewa kamfanin tsara kamfen siyasa na Cambridge Analytica ya samu bayanan masu amfani da Facebook da yawansu zai kai miliyan 87, kuma a shekarar da ta biyo aka ci Facebook tarar dala biliyan 5, a shekarar da kuɗin shigarsa ya haura biliyan 70. Mai karatu ya yi lissafin da kansa. A Sulobakiya, kwana biyu kafin zaɓen Satumban 2023, aka baza wata muryar jabu ta jagoran wata babbar jam'iyya yana maganar sayen ƙuri'u, daidai lokacin da doka ta hana kamfe, wanda ya sa ƙaryata ta ya yi wuya. A Janairun 2024 aka kira masu zaɓe a jihar New Hampshire ta Amurka da muryar Joe Biden ta jabu ana ce musu su zauna a gida.

Na Romaniya ne ya fi tsaya mini. A Disamban 2024 kotun tsarin mulki ta soke zagayen farko na zaɓen shugaban ƙasa, kwana biyu kafin zagaye na biyu, bayan rahotannin leƙen asiri sun yi zargin an yi wa ɗan takara Călin Georgescu shiryayyen kamfe a TikTok. Idan zargin ya tabbata, an yi wasa da hankalin jama'a. Amma miliyoyin mutane sun kaɗa ƙuri'a da hannunsu, kotu ta share ta bisa hujjojin da mafi yawansu ba su da hanyar tantancewa, domin cikakkun bayanan suna rumbun wani kamfani mai zaman kansa. Gaba kura ce, baya sayaki. Ga kuma wata ɓarnar da ba a cika ambata ba: tun da kowa ya san ana iya ƙera murya, duk wanda aka kama da murya ta gaskiya sai ya ce ƙerawa aka yi.

Tarayyar Turai ta kafa dokar kasuwannin intanet a 2022 domin rage ƙarfin waɗannan manyan kamfanoni da ta kira masu tsaron ƙofa, ina kuma ganin ta kama bakin zaren, ko da yake shari'a na tafiya da shekaru, manhaja kuwa da makonni take sauyawa. Abokina dai ya kwana tara yana cika fam bayan fam, na'ura na ba shi amsa iri ɗaya, bai taɓa samun ɗan Adam da zai yi wa bayani ba, kuma a cikin kwanakin an karɓi kuɗi da sunansa daga mutum biyu. Da shafin ya dawo na tambaye shi ko zai bar dandalin, sai ya ce ina zai je, alhali danginsa da abokan cinikinsa duk a can suke.