Masu shirin tafiya karatu Japan, ku zo mu yi maganar ciki

Duk ƙanin da ya turo min saƙo kan karatu a Japan tambayarsa ɗaya ce, yaya ake samun sikolashif ɗin MEXT, wato na gwamnatin Japan, kuma nawa ake ba mutum a wata. To ana bayarwa, mai digiri na biyu ko na uku yana karɓar wajen yen dubu 144 zuwa 145 duk wata kuma ba ya biyan kuɗin makaranta. Amma ba mai tambayata me zai ci in ya sauka, alhali a nan ne ni na sha wuya, kuma fiye da rabin wuyar ni na jawo wa kaina.

Na sauka ne da tsoron alade fal cikina. Tsoron ba na banza ba ne fa, don a can ba sai ka ga tsokar ba, romon taliyar ramen sau da yawa da ƙashinsa ake dafawa, dunƙulen kori na kwali akwai masu kitsensa, alawa mai danƙo akwai jelatin da sau da yawa daga fatar alade ake yinsa, ga kuma mirin, wata giyar shinkafa mai zaƙi da suke zubawa a girki kamar yadda muke jefa magi a miya. Sai na yanke wa kaina hukuncin ragwaye, na ce ba zan taɓa komai nasu ba. Burodi, ƙwai, ayaba, shayi, gobe ma haka jibi ma haka, na rame na ƙanjame, ciki ya ɗaure, hunturu ya shigo ya same ni ba kuzari a ɗakin da in ka kashe hita sai ka ga tururin bakinka. Abin haushin, ranar da wani ɗan Indunusiya da muke haɗuwa a sallar Juma'a ya juya ledar burodin da na dogara da shi ya karanta min bayanta, sai ga man alade zaune a jerin kayan haɗi. Wato na guji kifi da tofu, awararsu, da ba ruwansu, na rungumi abin da nake gudu.

Don haka tun kana gida ka koyi karanta bayan leda, ko da ba ka iya gaisuwa ba tukuna. Haruffan katakana, ɗaya daga cikin salon rubutunsu, ba su kai hamsin ba kuma da su ake rubuta yawancin abubuwan nan na aro, ラード man alade ne, ゼラチン jelatin. Ka haddace 豚 na alade da 酒 na giya, ka ajiye hotonsu a waya. Sannan ka sani dokarsu ta tilasta a bayyana irin su ƙwai, madara, alkama da gyaɗa saboda masu alaji, amma alade yana cikin waɗanda aka ba da shawara ne kawai, don haka rashin ganinsa a ɗan akwatin alaji ba hujja ba ce, jerin gaba ɗaya za ka bi. Akwai lambar kamfani a bayan kusan kowane kaya, ka roƙi aboki ya kira maka, suna amsawa tsakani da Allah. Maganar ruwan ɗanɗano na waken suya (soy sauce) mai ɗan burbushin giya da naman da ba Musulmi ya yanka ba kuwa, ka zauna da malamin da ka yarda da shi kafin ka tafi ka tsayar da matsaya, kar ka je kana canza fatawa a gaban kanta da yunwa a cikinka.

Abin da ya fi ba ni takaici daga baya shi ne ashe kasuwarsu cike take da kayan miyarmu ban duba ba. Shinkafarsu gajeriya ce mai danƙo, da farko na raina ta don ba ta yin dafa-duka mai warwara, amma wallahi ban taɓa tuƙa tuwon shinkafa mai sauƙi irin nata ba, ka ƙara ruwa a tukunyar lantarki kawai ka tuƙa. Kuɓewa ɗanya tana nan a ƙananan raga, da bazara suna sayar da lalo da sunan moroheiya, tofu awara ce, akwai ma soyayyiya da suke kira atsuage, yaji kawai take jira. Natto ɗin nan da baƙi ke toshe hanci a kansa waken suya ne da aka ruɓar, warinsa na daddawa ne sak, ni har a miya nake jefa shi in tawa ta ƙare. Kifin saba, wanda muke ce wa taitus, yana da araha, ga dankali gasasshe da hunturu. Kaza kuwa ka nemi kantin Gyomu Super, suna da daskararriya ta Burazil mai tambarin halal a leda kilo 2. In kana kusa da Tokyo, unguwar Shin-Okubo akwai shagunan halal da za ka sami naman rago, wake da garin semo, in nesa kake ana oda ta intanet a kawo maka a daskare har ƙofa.

Konbini, wato su 7-Eleven da Lawson da FamilyMart, su ne ramin kuɗin sabon zuwa. Suna buɗe dare da rana, ka shiga sayen ruwa ka fito da leda, ƙarshen wata ka rasa ina alawus ya shige. Babban kanti za ka riƙa zuwa da dare dab da tashi, lokacin da suke manna takardar rabin farashi 半額 a kan kifi da sauran abinci, ba kunya a ciki, tsofaffinsu ma jira suke. Ka yi lissafi da tsadar shinkafa kuma, a 2025 kilo 5 ya haura yen 4,000.

Kilishi da dambun nama dan Allah ka ce wa Hajiya ta haƙura. An hana shiga da nama ko wane iri, akwai karnuka masu sunsunar jaka a filin jirgi, kuma tarar tana iya kaiwa yen miliyan 3 ko ɗauri. Su kuka da busasshiyar kuɓewa da yaji ka daka su lukwi, ka ɗaure da kyau, ka nuna su a teburin binciken tsirrai da kanka kafin a tambaye ka.

Babbar asarata dai ba ta ciki ba ce, ta mutane ce. A ɗakin bincikenmu duk lokacin da aka shirya liyafar maraba ko ta ƙarshen shekara sai in ƙirƙiro uzuri, yau ciwon kai gobe aiki, don ina jin nauyin in ce ba na shan giya ba na cin alade. Su kuma ba sa matsa wa mutum, in ka ƙi sau biyu sai su ɗauka ba ka son zama da su ne, su janye cikin ladabi, gaisuwa kawai. Ni ina nan ina cewa mutanen nan ba su da sakin fuska, ashe ni na rufe ƙofar. Ranar da na daure na faɗa wa furofesa gaskiya sai cewa ya yi me ya sa ban faɗa tun farko ba, liyafa ta gaba aka kai ta gidan kifi, aka ajiye min shayin ulon. Ka faɗi iyakarka a makon farko, a fili, ba tare da wa'azi ba. In zama inda ake sha bai kwanta maka ba to kar ka rasa cin rana da su a kantin makaranta, wasu jami'o'in ma suna da abincin halal, don a kan tiren nan ake jin wace na'ura ce ta lalace, wane taro ne ke tafe, yau furofesa yana cikin fushi ko a'a. Kar ka soke tsinken cin abinci a tsaye cikin shinkafa, na mamaci ne a wurinsu. In ka yi tafiya ko ta kwana ɗaya ce ka dawo da tsaraba a raba, suna ɗaukarta da muhimmanci sosai. Kantun riɗi yana burge su, kuma sai ka ga mamakinsu in ka ce musu Najeriya na cikin ƙasashen da suka fi sayar wa Japan riɗi.

Maƙwabta kuma da bola za su fara auna ka. Mai ƙonewa ranarta daban, robar ruwa daban, gwangwani daban, a wasu garuruwan sai a ledar da hukuma ta ware, kuma da sassafe ake fitarwa. Na taɓa haɗa komai a leda ɗaya, aka manna mata takarda aka bar min ita a wurin kowa na wucewa yana gani, kuma duk layin sun san ta waye. Ga waya, Japan ta riga Najeriya da awa 8, lokacin da gida aka idar da isha aka zauna hira kai wajen ƙarfe huɗu na asuba ne a wurinka, bango kuma siriri, mu kuma ba mu iya gaisuwa a hankali ba. Ba wanda zai ƙwanƙwasa maka ƙofa, wasiƙa za ka tarar daga masu kula da gidan. Ka mayar da kiran gida yammacinka, lokacin su safiya ce.

In ka zauna daram ka gayyaci biyu ko uku ka tuƙa musu tuwo da miyar kuɓewa, sun saba da abu mai yauƙi don haka ba za su yi ƙyama ba, wasu har hannu za su sa in sun ga ka sa. Barkonon dai ka rage shi ƙwarai ka ajiye yaji a gefe, don ɗan abin da kai ba ka ma ji ba su zufa zai sa su da tari, kuma kunya ba za ta bar su su ce ya yi yawa ba.